Karen da Thawin Ya Kai Haikali

Satar takalmi ce ta haɗa su.

Thawin ya cire takalmansa a ƙofar shagon mai gyaran waya, ya fito ya tarar da ƙafa ɗaya. Ɗayar tana ƙarƙashin teburin gasa kaji, a bakin wani farin kare mai ƙaton kai.

"Kathi, ajiye. Kai ba ka jin kunya?" in ji yarinyar da ke fifita gawayi. Ta ƙwato takalmin, ta goge da gefen zaninta, ta miƙa masa hannu biyu. "Yi haƙuri, Yaya. Ba ya ɗauka sai mai tsada."

"To yau ya yi asara, na gwanjo ne."

Ta yi dariya har hayaƙi ya sarƙe ta. Sunanta Jampa. Ita da kakarta Buala ke sayar da gasasshiyar kaza da shinkafa mai danƙo a bakin kasuwar garin Korat. Shi kuwa ɗan Mama Rabiap ne mai shagon yadi. Daga ranar nan kullum yunwa ke kama shi daidai teburin nan.

Kathi ba karen gadi ba ne. Mahaifin Jampa ne ya tsinto shi a kwata yana ɗan kwikwiyo, a shekarar da ya rasu. Da safe shi ke fara hawa babur, ya zauna tsakanin ƙafafun Jampa. A gida kuwa kyanwarsu Manao ba ta barci sai a kan cikinsa. Thawin ya san duk wannan, ba wanda ya ɓoye masa.

Saƙonninsa ba sa yankewa.

"Hayaƙina, kin ci abinci? Rigata na ƙamshin gawayinki, na hana a wanke."

Ita kuma ta mayar: "Ƙazami. Kathi ya ce gobe ka zo da takalmin kirki."

Da maganar aure ta taso, Mama Rabiap ta yamutsa fuska. Ita Orathai take so ya aura, 'yar mai kemis. Mama Rabiap kyanwoyi take kiwo, masu launin toka da koren ido, irin waɗanda ake ba amare don sa'a, kuma a kan matashi suke kwana.

"In ka nace sai mai kaza, ɗauko ta," ta ce wa ɗanta. "Amma karen titi ba zai taka min daɓe ba. Ka san yadda ake yi."

Ƙato da shi, ya sunkuyar da kai. Bai ce wa uwarsa a'a ba, bai kuma faɗa wa Jampa komai ba.

Ana cikin haka aka ba Kaka Buala ranar aikin ido a asibitin garin Khon Kaen. Jampa ta damƙa wa Thawin makullin gida. "Shinkafarsa da hanta, ban da gishiri. In aka yi tsawa ka shigar da shi ɗaki, tsoro yake ji."

"Je ki abinki, Hayaƙina. Ai ɗana ne."

Tana zaune a bakin gadon kakarta saƙo ya shigo: "Kada ki tayar da hankali. Kathi ya fice da safe, ina nemansa."

Abin da ya fi cin rai shi ne, da ta dawo tare suka yi neman. Ya goya ta a babur lungu-lungu, yana ƙwala kiran sunan karen har muryarsa ta dushe. In ta yi kuka shi ke share mata hawaye. Manao ta daina cin abinci, ta kwanta a kan buhun da Kathi ke kwana, ba ta ko ɗaga kai.

Orathai ce ta fasa ƙwan. Ta zo sayen kaza, tana rungume da ɗan karenta mai riga.

"Duk kin rame, ƙawata. Ai sai ki gode wa Yaya Thawin, haikalin bakin kogi ya zaɓa wa karenki. Mama Rabiap ta ce sufayen can ba sa rowar shinkafa."

Jampa ta ajiye mafici. Kazar ta ƙone, ba ta juya ta ba.

Halin mutanenmu ke nan. In sun gaji da dabba sai su kai ta haikali su sauke, su ce sufaye za su ciyar, har su ba kansu lada. Ba mai faɗin cewa karnukan haikali sun riga sun raba wurin tsakaninsu, kuma baƙo sai sun yayyaga shi.

A bayan hasumiyar ƙararrawa ta same shi. Kunne ɗaya a yage, ƙafar baya ta kumbura, haƙarƙari a waje. Wani tsohon sufi ya shafa masa kurkur a raunukan.

"Naki ne, 'yata? Kafin ƙafar ta kumbura, kullum a bakin ƙofa yake zama yana kallon titi. Duk motar da ta wuce sai ya miƙe."

Kathi ya kasa tashi. Wutsiya kawai ya kaɗa, ya lasa hannunta.

Thawin ya iso gidan yana haki, ya ga karen a kan tabarma, Manao na lasar masa kunne. Ya tsaya a ƙofa.

"Shigo mana, Yaya," in ji Jampa. "Ga ɗanka an gani."

"Jampa, na ɗauka in an yi biki Mama ta huce sai in je in..."

"Ba kai shi da ka yi ne ya fi zafi ba. Ka riƙe hannuna muna kiransa, alhali ka san inda yake." Ta cire sarƙar zinaren da ya ba ta, ta ajiye masa a kan dakali. "Kai wa Orathai. Nata karen yana da riga."

Kaka Buala, ido ɗaya a liƙe da auduga, ta ɗaga sandarta. "Fita, ɗan mama. Da wannan idon ɗaya ma na ga girmanka."

Ya yi ta turo saƙo. "Ban cancanci amsa ba. Ki bar ni in riƙa wanke masa ciwon." Ta kife wayar. Washegari ya zo da magani, Kathi ya buɗe masa haƙora, ya koma. Ya sake dawowa. Ya tattara kayansa daga gidan uwarsa, ya kama ɗaki a bayan kasuwa mai ɗan tsakar gida. Damina ta wuce yana durƙuso a ƙofar gidansu Jampa, yana tura kwanon hanta da sanda, Jampa na wuce shi kamar turmi.

Wata safiya ta fito ta tarar Kathi na ci daga tafin hannunsa, yana ci yana gurnani. Thawin bai motsa ba, hawaye na zuba.

Da yamma ta rubuta masa: "Kathi ya fi ni zuciya mai kyau. Ni da saura. Je ka ga Kaka."

Kaka ta ce sharaɗinta sai ranar biki.

Ranar, ango ya taho da ganguna da bishiyoyin ayaba da rake, 'yan'uwan amarya na tare hanya da sarƙoƙi, ana tsokana, ana ba su tukuici suna buɗewa. A ƙofar ƙarshe ba sarƙa. Kaka Buala ce tsaye, igiyar Kathi a hannunta.

"Ba na son tukuici. A ɓoye ka yi, a fili za ka faɗa. Ɗaga murya, kunnena ma ba lafiya."

Ganguna suka yi shiru. Thawin ya durƙusa cikin fararen kayansa, ya haɗa tafukansa a goshi.

"An ba ni amanar karen nan na kai shi haikali na yar. Na yi wa Jampa ƙarya, na bar ta tana nema. Inda za mu zauna, nan zai zauna, shi da Manao."

"Wa ya sa ka?"

"Ni na tuƙa motar, Kaka."

Kaka ta kalli Mama Rabiap. Matar ta shiga gyara gyalenta tana kallon sama. Har yau ba ta ba da haƙuri ba, kuma 'yan kasuwa ba su manta ba.

Aka zaunar da ango da amarya, aka haɗa kawunansu da farin zare. Jampa ta kalle shi ta gefen ido, ta matso da gwiwarta ta taɓa tasa. Kathi ya ɗingiso ya kwanta a ƙafarta. Manya suka riƙa zuba musu ruwan albarka a hannu ɗaya bayan ɗaya, Kaka Buala ce ta ƙarshe. Ta zuba a hankali har ruwan ya ƙare.

"Ku zauna lafiya, ku tsufa tare, gidanku ya cika da yara da dabbobi." Sai ta sunkuyo daidai kunnen ango, amma kowa ya ji. "Kai kuma, ranar da ka gaji da ita, ƙofata za ka dawo min da ita. Kada ka kai ta haikali."