Facin Kujerar Gaba

Ƙarar motar ce ta riga ta isowa. Telan Mota ya ɗago daga kan keken ɗinkinsa, ya ga wata tsohuwar jif mai manyan tayoyi ta tsaya a ƙofar shagon tana tari. Budurwar da ta diro daga ciki na kakkaɓe ɓurɓushin soso daga bayan rigarta, kuma tun kafin ta gama sallama bawan Allah ya soke yatsansa da allura.

Ta ce motar babanta ce, da ita ya yi yawon duba dabbobi a daji har ya yi ritaya. Ita ce autar gidan. Baba ya tafi jinya wurin yayanta, tana so ya dawo ya tarar da kujerun sababbi, don yanzu fata ta tsage, waya na cizon mutum.

"Yaushe zan dawo in ɗauka?"

"Aikin ba yawa," in ji shi, "amma sai kin riƙa leƙowa kina dubawa."

Ƙarya yake, babu abin dubawa. Auta ta gane, ta kuma riƙa zuwa. Takan zauna a kan benci cikin warin gam, tana kallon yadda yake farke tsohuwar fata, ya shimfiɗa ta a kan sabuwa, ya bi gefenta da alli kafin ya sa almakashi. Aikin da ya saba gamawa nan da nan sai ya koma tafiyar hawainiya.

"Direbata," ya rubuto mata wata safiya, "na gama kujerun baya, amma sun ƙi daɗin zama. Wai sai kin zo."

"Telana, zare ne ya ƙare ko dabara? Ina nan tafe."

Ranar da Baba ya dawo, ta ja shi har gindin mota tana murna. Ya shafa kujerar direba ya yaba. Da ya buɗe ɗaya ƙofar gaban, sai fuskarsa ta canja.

"Ina facin?"

A ƙarƙashin tawul ɗin da kullum yake shimfiɗe a kujerar akwai wani facin koren ƙyalle. Mahaifiyar Auta ce ta ɗinka shi da hannunta, wata rana da motar ta mace musu a hanya. Ta rasu Auta na ƙarama, Baba kuma bai taɓa ba kowa labarin ba, sai ranar da ya faɗa wa Auta. Shi ko Telan Mota, da ya ga karkataccen ɗinki, cire shi ya yi tare da tsohuwar fatar, kamar yadda yake yi wa kowane faci.

Baba bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi kada ya ƙara jin zancen yaron nan a gidansa. Ɗan abokinsa, wani dillalin motoci mai yawan turare, ya samu ƙofar neman Auta. Kullum yana falo da tsaraba, yana ba da shawarar a sayar da jif ɗin a huta.

Auta ta rame. Ko hanyar shagon ta daina bi, don ta san in ta bi sai ta tsaya. Shi kuma da ya ji ƙarar tsohuwar mota sai ƙafarsa ta tsaya a kan keke. Kewa ta ishe su, amma Auta ta hana shi zuwa, shi ma bai san laifinsa ba. Sai da ta gaji da kuka ta rubuta masa:

"Telana, facin da ka cire ɗinkin Mama ne. Wallahi ban sani ba. Ina kewarka har ba na iya cin abinci, amma ba zan iya kallon idon Baba ba."

Ya miƙe tsaye. A sana'arsu ba a zubar da tsohuwar fata, don ita ce ma'aunin yanka sabuwa. Ya hau zazzage tarin da ke rataye a bayan shago har ya ga kore.

Da la'asar ya yi sallama a gidan da jakar kayan aiki, ya durƙusa ya miƙa wa Baba facin, ya roƙi izini. Baba ya daɗe yana riƙe da ƙyallen, sannan ya nuna masa motar da haɓa.

Nan tsakar gida ya kwance kujerar. Bai taɓa zaren marigayiya ba, yanko facin ya yi da tsohuwar fatar da ke kewaye da shi, ya ɗora a wurinsa na da, ya bi gefe da allurar hannu. Auta na leƙe ta taga.

"Kai da ka san ɗinki," in ji Baba, "nata ya karkace ko?"

"Ya karkace, Baba. Amma duk shekarun nan bai saki ba."

Dariya ta kufce wa tsohon, hawaye na biye da ita. Ya share da hannun riga, ya ce masa in ya gama ya je ya turo manyansa.

Dillali ya ɗauke ƙafa ba sallama. Ranar ɗaurin aure, da jama'a suka watse, Baba ya kira su biyun ya zaunar a gabansa. Ya buɗe baki zai yi doguwar nasiha, sai ya fasa, ya dafa kan Auta.

"Ga ta nan, ita kaɗai ta rage mini a gida. Allah ya yi muku albarka, ya bar ku tare har tsufa."

Suka amsa da amin, hannunta na cikin na angonta.