Tsallake, Wasan da Bai Fito Ba

Tafi ya cika ɗakin taron jami'ar, amma Auta ba ta ji ko ɗaya ba.

Idonta na kan allon majigi, inda sunayen ɗaliban da suka ƙirƙiri wasan kwamfutar ke hawa sama a hankali. Na Dogo ya wuce. Na Makaɗi ya wuce. Na 'Yar Gayu ya wuce.

Sai allon ya yi baƙi.

Nata babu.

Ita da ta zana kowane gida da kowace igiyar ruwa da ke cikin wasan! Ita da aka ɗauki muryarta aka sa wa yarinyar ciki!

'Yar Gayu, wadda ta haɗa kwafin da aka nuna yau, ta kawo bakinta kusa da kunnenta.

"Ban gaya miki ba? Mutum uku kamfanin nan mai neman wasan ke so. Dogo ne ya ce a cire ki... Wallahi har kunya na ji."

Auta ta suri jakarta ta fice. A kan matattakala Dogo ya cim mata, yana haki.

"Zuciyata, tsaya!"

"Kar ka sake kirana da wannan sunan."

"Na rantse da Allah yanzu na gani, kamar yadda kika gani..."

"Kai ne shugabanmu! Akwai abin da ke shiga wasan nan ko ya fita ba da saninka ba?"

"Ki saurare ni, ko na minti ɗaya."

"Na saurare ka shekara guda, Dogo. Ya isa!"

Ta sauka da gudu, hawaye na rufe mata hanya.

Shekara guda kafin nan, a ɗakin kwamfuta abin ya faro, wani ɗaki mai tsohuwar fanka da kujeru masu kuka. Su huɗu malami ya haɗa domin aikin kammala karatu. Dogo ne mai rubuta manhaja, Makaɗi mai haɗa sauti, 'Yar Gayu mai tsarawa da iya magana gaban jama'a, ita kuma Auta zane. Wasan suka sa wa suna Tsallake: yarinya da ƙanenta, ambaliya ta cinye garinsu, suna bin rufin gidaje suna neman iyayensu.

Ranar da yarinyar ta fara motsi a allo, sai ta riƙa tafiya da baya. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Injiniya, 'yata fa gaba na zana ta tana kallo!"

"Halin uwarta ta ɗauko," in ji Dogo. "Duk sanda na matso, sai ta ja baya."

Tun daga ranar ba ta ƙara ja da baya ba.

A gida kuwa, Yayanta, wanda ya riƙe su tun rasuwar mahaifinsu, ko sunan Dogo ba ya son ji.

"Ƙato da gemu, wai sana'arsa wasan yara! Da aljanun kwamfuta zai ciyar da ke?"

Da can takan kare shi har muryarta ta dushe. Amma da ta dawo daga taron nan ido jawur, ita da kanta ta ce, "Yaya, kai ke da gaskiya."

Ta toshe lambar Dogo. Ya zo ƙofar gidansu, Yaya ya fita ya wanke shi tas. Ya sake zuwa, Yaya ya hana shi shiga, ta leƙo ta labule tana kallonsa tsaye cikin rana, da laftof ɗinsa a hammata. Zuciyarta ta ce fita, fushi ya ce zauna.

Ta zauna.

Suka gama jami'a. Ta samu aikin zanen talla a wata maɗaba'a, ta daina ko tambayar labarin wasan. Shekara ta zagayo.

Wata ranar aiki tana gyara hoton wani shagon takalma, sai ga Makaɗi tsaye a kanta, babu fara'ar nan tasa.

"Auta, mun cuci bawan Allah nan."

"Wa?"

"Kin san wa. Jiya muka yi cacar baki da 'Yar Gayu, cikin fushi bakinta ya suɓuce. Ita ta goge sunanki da safen ranar taron. Sonsa take yi tun aji ɗaya. Ta ɗauka in kin kauce zai waiwaye ta."

Hannun Auta ya saki linzamin kwamfutar.

"Amma... amma kamfanin..."

"Ba su taɓa cewa mutum uku ba. Shi kaɗai ma suka nema, da wasan. Ya ce zanenki ne ran Tsallake, ba zai sa hannu ba sai da yardarki. Abin da ya je gaya miki ke nan Yayanki ya kore shi. Suka gaji da jira, suka ɗauki na wasu."

"Wayyo Allah na!"

Ta kifa kai a tebur. Ma'aikatan wajen duk suka juyo.

Da ta faɗa wa Yaya, makullin mota kawai ya ɗauka.

Wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta ce a saman wani shagon magani. Nan ta sami Dogo, ya sunkuya yana nuna wa wata dattijuwa yadda ake aika saƙo. Ya rame. Gilashi ma ya fara sawa.

Da ya ɗago ya gan ta, sai ya fito baranda.

"Injiniya... Na ji komai. Ka yafe mini."

"Na yafe miki tun tuni, Auta."

Auta ya ce. Bai ce zuciyata ba.

"Mu koma mu ƙarasa shi. Zan zana sauran matakan, ko kwana zan riƙa yi a kai! Mu nemi wani kamfanin. Mu... mu koma yadda muke."

Ya cire gilashin ya goge da bakin rigarsa.

"Yana nan a tsohuwar laftof ɗina, a inda muka tsaya. Yaran suna kan rufin makaranta, ba su ga iyayensu ba. Na gwada buɗe shi, da na ji muryarki sai in rufe."

"To ga ni na zo!"

"Kin zo." Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Kin san abin da ya fi ƙona ni? Ba rasa aikin ba ne. Shekara guda kina zaune kusa da ni, kin san ni ciki da waje, amma magana ɗaya aka raɗa miki kika yarda zan iya sayar da ke."

"Fushi ne... Wallahi fushi ne, masoyina."

"Na sani. Bayan nan na kwanta asibiti, na daɗe. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta tsaya a kaina." Ya sunkuyar da kai. "Aure za mu yi, Auta. Na riga na ba ta kalmata."

Ta kama ƙarfen barandar da hannu biyu.

"Kana sonta?"

"Tana saurarena."

Daga ciki dattijuwar ta ɗaga murya, "Malam, abin nan ya sake ɓacewa!"

"Ina zuwa, Mama."

Ya dube ta sau ɗaya, kallo mai tsawo, sannan ya koma ciki.

Ba ta san yadda ta sauko ba. Ta buɗe motar ta zauna. Yaya ya kalli fuskarta, ya riƙe sitiyari.

"Auta... da na bar shi ya shigo ranar nan..."

"Ina bayan labule, Yaya. Ina kallonsa. Ni ce ban fita ba."

Ya tayar da motar. Sai da suka sha kwanar layin, cibiyar ta ɓace daga madubi, sannan ta saki kukan.