Ɗigon da ke Sauka a Ƙofar Gidana

A bakin danjar tashar bas ta garinmu Logan suka fara haɗuwa, ranar da jami'a ta tura su aikin bincike na hutun zafi. Salamasina na riƙe da tsani, Lam yana sama yana ɗaura na'urar da ke ba wa bas hanya.

"Malam, a juye ka ɗaura ta."

"Na sani. Gwada ki nake."

"To na ci. Sauko in hau."

Kafin Kirsimeti yana kiranta Danja, wai ita ta tsayar da shi.

Duk ɗaliban aikin da masu sa kai an sa musu manhaja a waya, tana nuna inda mutum ya hau bas da inda ya sauka. Babu suna, ɗigo ne kawai a taswira, kuma an ja musu kunne kada wanda ya bi ɗigon wani.

Ioelu, uban yarinyar, ɗan ƙanena ne. Da Lam ya je gaisuwa, sai Ioelu ya kama hannunsa ya juya tafin.

"Ba don iyayenka 'yan Vietnam ne na hana ka ita ba. Hannun nan ne. Mu mutanen Samoa, namiji ke gasa umu ranar Lahadi a kan duwatsu masu zafi. Wa zai gasa wa 'yata? Wayarka?"

Yaron ya yi hankali ya zo wurina, ni Kaka Pita, don duk Logan babu umu kamar nawa. Ban taɓa zama a aji ba, amma guguwa ta kwashe rufi ina ciki, wuƙar mayanka ta ci min yatsa, ga ni ina cin nama da haƙorana. Na ce ya riƙa zuwa Asabar, ya kuma rufe bakinsa. Ba na son a ga ɗalibina tun yana ƙona gwaza.

Salamasina ta ga Asabar ta daina zama tata. Ta tambaya, ya ce uzuri. Sai ta buɗe taswira. Ga ɗigo yana tasowa daga layinsu Lam, yana sauka a ƙofar gidana, inda jikata Losa take, wadda ta taɓa cewa a coci yaron ya haɗu.

Ta tura masa: "Na ga inda kake sauka. Ka gaida Losa. Kada ka sake kirana."

Ya mayar: "Danja, taswirar kika buɗe? Ki zo Asabar ki gani. Amma wannan ya fi min zargin ciwo."

Ta zo, ta same shi cikin hayaƙi, ido na ruwa, hannu duk bororo, yana matsar kwakwa ina masa faɗa. Losa ta leƙo ta taga.

"Wai ni? Wannan mai warin gawayi? 'Yar'uwa, riƙe kayanki."

Salamasina ta zauna a kan bokiti. "Ka yi haƙuri."

"Na haƙura," in ji shi. "Amma mutane amana suka ba mu. Yau ni, gobe wa?"

Ran Litinin da ƙafarta ta je ta faɗa wa malamarsu abin da ta yi. Aka cire ta daga aikin, aka cire sunanta daga rahoto. Da ta fito Lam na tsaye a ƙofa.

"Shi ke nan, ba ni da aiki."

"Kaka Pita na neman mai kankare kwakwa."

Ta kai masa duka tana dariya tana hawaye.

Lahadin ƙarshe ta hutu, Lam ya gasa shi kaɗai, ban sa hannu ba. Ioelu ya ci gwaza, ya ci kifi. Yaron na tsaye, gumi har wuya.

"Wa ya koya maka?"

"Kaka Pita."

"Shi ya sa gishiri ya yi yawa." Ya miƙa faranti. "Ƙaro min, ɗana."

Bayan sun gama karatu aka ɗaura aure a cocinmu. Mun shimfiɗa tabarmin da muka gada, uwar ango ta sa suka durƙusa suka ba manya shayi. Ni na yi jawabi, har fasto ya duba agogo, ban kula shi ba.

Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu ci da hannu biyu, ya sa su tsufa tare kamar yadda na tsufa, da ƙarfi.