Ido a Ƙasan Gilashi

Muttaƙa mai awon jini yana shirin kulle ɗakinsa a gidan likita na Tajaye bayan magariba, sai wata tsohuwa ta miƙo masa yatsa. Ransa a ɓace ya tsaga. Jinin sanyi ƙalau.

Ya shafa a gilashi, ya leƙa madubin awo: sama fes, ƙasa dishi-dishi. Ya daki tebur.

"Inna, kin ɓata min lokaci. Jininki ba ya ganuwa."

"Ba ka ɗiga mai ba, ɗana. Ɗiga, ka sauke madubin ƙasa."

Ya ɗiga man a gilashin yana tsaki, ya murza madubin. Ƙasan ya washe. Can ciki wani ido na kallonsa, har ya ƙifta.

Ya ɗago kai. Da idanu biyu ta shigo, yanzu saura ɗaya.