Layi Ya Dawo

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai sai na fasa shi!"

Kura, shugaban wani gungun 'yan fashi, ke wannan hargagi a cikin banki da rana tsaka. A bayan ginin kuwa Na-Waya na tsugune gaban akwatin sadarwa, riƙe da wayar da ke haɗa reshen da hedikwata. Tsohon ma'aikacin kamfanin sadarwar ne, ya san kan abin. Yana zare ta, kyamara ta makance, ƙararrawa ta mutu. Ya kuma san ƙa'idarsu: in layi ya yi shiru, 'yan ɗakin sa-ido za su yi ta fama da shi daga can, sai sun gaji su turo mai gyara. Kafin ya ratso cunkoson gari an gama an watse. Haka ya rantse wa Kura.

Ashe ranar akwai mai gyara a unguwar, yana aiki kan wani turken waya.

Babur ya ci burki — ƙiii! Mutum ya sauko da jakar kayan aiki. Na-Waya ya ɗago kai. Autansu ne, wanda shi da hannunsa ya koya wa sana'ar.

"Yaya? Me kake yi a akwatina? Ofis suka ce layi ya faɗi—"

"Juya, Auta! Don girman Allah juya!"

Tau! Tau!

Kura ne ya yi harbi ta ƙofar baya. Auta ya kife kan jakarsa, ko shurawa bai yi ba.

"Ƙanina ne, Oga! Sukundireba ce kawai a hannunsa!"

"To ni na haife shi? Dalla tsaya kan aikinka!" Ya koma ciki abinsa, matsiyacin, kamar kaza ya taka.

Zuciya ta ciwo Na-Waya, idanunsa suka rufe. Ya dubi wayar hannunsa, ya cusa ta a mazauninta — ƙyas! 'Yar fitila ta koma koriya. A hedikwata hotuna suka dawo, suka ga komai, suka datse ƙofofin ƙarfe daga can. Garam!

"Na-Waya! Ɗan iska, ka ci amanarmu! Buɗe!"

Jiniyar 'yan sanda ta cika titi. Na-Waya bai gudu ba. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan Auta a cinyarsa, yana tunanin da wane baki zai gaya wa Inna.

Wayar aljihun Auta ta yi ƙara. Na-Waya ya ɗaga. Muryar wata mata ce daga ɗakin sa-ido.

"Layi ya dawo, Auta, amma akwai 'yan fashi a ciki. Bar wurin nan maza, ka ji?"