Shatin Yatsa a Kuncinta

Maƙerin bai taɓa zama gaban wani ya koyi sana'a ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka. Mutum-mutumin tagullar da ya fito da sunansa fuskar wata mace ce cikin azaba. Ba wanda ya san ƙanwarsa ce. Tana kwance cikin ciwon ajali ya shafe mata fuska da kakin zuma mai zafi don ya ɗauki siffarta, yana daka mata tsawa: "Kar ki motsa, za ki ɓata min aiki!"

Wani dare yana narkar da tagulla shi kaɗai, sai ga wata mata lulluɓe da mayafi a bakin ƙofa. Bai ji takunta ba, sai dai ƙamshin zuma da ya danne warin gawayi.

"An tashi aiki, baiwar Allah," ya ce.

"Kallo na zo yi. Wa ya koya maka?" Muryarta kamar daga cikin tulu take fitowa.

"Ni na koya wa kaina."

"A kan wa?"

Ya ci gaba da aikinsa. Ta matso ta zauna dab da wutar. Wani abu ya fara ɗiga daga haɓarta, yana daskarewa a ƙasa. Mayafin ya zame. A kuncinta na hagu, wanda ya soma narkewa, ya ga shatin babban yatsansa.

Ta ɗago tukunyar narkakkiyar tagullar da hannu biyu, ko tsumma babu.

"Yaya," ta ce a hankali, "kar ka motsa."