Abin da Sarkin Magana Ya Yanke

Duk wanda ya san layin masu gyaran waya ya san Sarkin Magana. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan don tsiya, saboda in'ina gare shi mai tsanani. Kafin ya gama gaya wa mai waya abin da ya lalace, na kusa da shi ya gyara biyu har ya sha ruwa. Yakan taya su dariya, amma abin yana cinsa a rai. Ba mutumin banza ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Gaggawa ce ta yi masa yawa, kuma ita ta kai shi inda za ku ji.

Wani ikon Allah, mutumin da harshe ya ƙi shi ne aka jarabta da son magana. Ya sayi makirifo na hannu, ya manna kwalayen ƙwai a bangon wani ɗan ɗaki da ke jikin na mahaifiyarsa don kada sauti ya riƙa dawowa, ya fara abin nan da ake kira fodkas, wato shirin hira da mutum ke ɗauka da kansa ya saka a intanet. Wahalar aikin ba a ɗauka take ba, a tacewa take. Hirar rabin awa sai ta ci masa wuni guda a gaban kwamfuta, muryarsa a shimfiɗe kan allo kamar haƙoran zarto, yana yanke duk inda harshe ya sarƙe, da duk hayaniyar gida da ta kutso ciki. Gidan kuwa akwai hayaniya. Inna tana fama da tsohon tari, matarsa ba ta iya wanke-wanke sai da waƙa, ga 'yarsu ɗaya tilo mai shekara shida, wadda kakarta ta sa wa suna Aku. Inna takan ce maganar da aka hana uban ce aka tara aka ba 'yar.

Shekara biyu yana wannan fama, masu sauraronsa ba su cika aji ɗaya na makaranta ba. Matarsa tana gaya masa cewa in'inar tana raguwa, ita da ke jin sa kullum ta lura, kuma gaskiya ta faɗa. Shi dai gani yake lallashi ne irin na mata. Ana nan sai aka shirya taron masu irin wannan sana'a, aka ce kowane sabon shiga ya tashi ya gabatar da kansa cikin minti biyu. Da aka zo kansa, ya tsaya gaban jama'a, kalmar farko ta maƙale. Ya ja, ya sake ja, gumi ya jiƙa masa riga. Wani ya yi dariya a baya. Mai gabatarwa ya zare makirifon daga hannunsa a hankali, ya ce a tafa masa. Wannan tafin ya fi dariyar yi masa ciwo.

A bakin ƙofar zauren wani mutum mai zaƙin murya ya tare shi, ya ce shi ma da haka yake. Ya kwatanta masa wurin wani boka a bayan gari, ya shiga motarsa ya tafi.

Kwana uku ya yi yana kai-kawo a zuci, ran na huɗu da rana tsaka ya saka makirifo a jaka ya kama hanya. Wurin wani tsohon sito ne da rufinsa ya fara rubzawa. Abin da ya fara ba shi tsoro shi ne shiru. Ga itatuwa amma babu kukan tsuntsu, ga karnuka uku kwance amma ko gurnani babu. A ciki an rataye ƙararrawa birjik, duk an cire musu harshe, iska tana kaɗa su ba sa cewa komai. A ƙasa kuwa goruna ne jere har bango, an toshe bakin kowace da kaki, wasu suna ɗan motsi kamar akwai abu mai rai a ciki. Bokan yana zaune kan baƙar fata, tsoho ne ramamme, muryarsa kuma sai ka matso kafin ka ji.

"Murya kake so ko masu saurare?" in ji boka.

"Du-du-duka, ranka ya daɗe."

"Duka tana da tsada, samari. Mayar da hannunka aljihu, ba na karɓar kuɗi. Idan ka ɗauki shirinka, me kake yi da abin da ka yanke?"

Ya ce zubarwa yake yi, ai shara ce.

"To ka bar mini sharar. Daga yau duk abin da aka yanke daga shirinka nawa ne. Kuma a gidan da iyalinka ke kwana za ka riƙa ɗauka, ba a wani wuri ba. Idan kana da tambaya, yanzu ne lokacinta."

Ya zo da fargabar za a nemi jini ko ran wani, sai ga shi an nemi abin da yake sharewa kullum. Saura kaɗan ya yi dariya. Bai yi tambayar ba.

Bokan ya sa aka kawo baƙin zakaran da bai taɓa cara ba, ya yanka shi a kan makirifon har jini ya cika ramukan kansa. Ya lakato wani baƙin abu mai ɗaci ya shafa masa a harshe. Sannan ya ɗauko sabuwar gora, ya ce ya faɗi sunansa a ciki sau uku. Na farko ya sarƙe, na biyu ya ɗan saki, na uku ya fito sumul, da wata murya mai kauri da daɗi wadda shi kansa bai san ta ba. Bokan ya ajiye gorar kusa da gwiwarsa, bai toshe ta ba.

Kafin wata uku sunan da aka sa masa don tsiya ya zama na gaske. Masu shago da direbobi da ma'aikatan ofis kowa shirinsa yake ji. Kamfanoni suka yi layi da talla, manyan mutane suna roƙon ya yi hira da su, ana gayyatarsa ya koya wa matasa yadda ake tsayawa gaban jama'a. Ya rufe teburin gyaran waya. Inna kaɗai ce ba ta saki jiki ba. Ta ce masa, wannan muryar tana da daɗi, amma idan ta rufe ido ba ta jin ɗanta a ciki.

In'ina ta tafi, amma hannu ya riga ya saba da aikinsa. Wata rana da hantsi yana tace shiri, sai ya ji tarin Inna ya ratso bango ya shiga tsakiyar hira. Bai ma yi tunani ba, ya zagaye wurin ya yanke, kamar yadda ya yi sau ɗari a baya. Da azahar matarsa ta kai wa tsohuwa ruwa, ta same ta zaune a jingine da bango, baki a buɗe, rai ya yi halinsa. Aka ce tsufa ne da tsohon ciwo. Ya yi kuka na gaskiya, don yana son uwarsa, kuma bai kawo komai a ransa ba.

Bayan rasuwar suka koma babban gida mai bene, ya ware ɗaki guda aka lulluɓe bangonsa da soso, aka sa ƙofa mai kauri. Wata biyar babu sautin da ya shiga. Ran nan na'urar sanyaya ɗaki ta lalace, ya buɗe taga don zafi, waƙar matarsa ta hauro daga kicin ta shiga shirin. Da yamma ya yanke ta. Hannunsa bai bar kwamfutar ba ya ji faranti ya fashe a ƙasa. Ya sauko da gudu ya tarar da ita tsaye, leɓɓanta suna motsi, babu abin da ke fita. Tun daga ranar hankalinta ya gushe. Wuni take tana leƙa ƙarƙashin gado da cikin tukwane tana neman wani abu, ba ta gane kowa, har Aku. Likitoci suka yi iya yinsu, dole ƙanwarsa ta dawo gidan don ta kula da su.

A nan ne jikinsa ya ba shi. Ya buɗe tsofaffin ayyukansa ya duba ranar da ya yanke tarin Inna, ya ga ita ce ranar da ta rasu. Ya duba ta waƙar matarsa, ita ma haka. Washegari da safe ya saka makirifon a jaka ya koma sito.

"Ka dawo mini da su, ranka ya daɗe, ka karɓe komai."

Bokan ya dafa gorar da ke gefen gwiwarsa, ta yi wani ɗan motsi. Ya ce, "Abin da ya shiga nan ba ya fita. Amma kana iya tsayawa. Ajiye makirifon a gabana ka tafi. Harshenka zai koma yadda yake, masu saurare su watse, wadda ta rage maka ta rage maka."

Makirifon yana cikin jaka, jakar tana kan cinyarsa. Miƙa hannu kawai ya rage. To amma a makon ne aka aiko masa cewa yana cikin mutum uku da ake sa ran ba ɗayansu lambar yabo ta gwarzon shekara, a zauren nan da aka taɓa yi masa tafin tausayi, kuma ana son sabon shiri ɗaya daga kowannensu. Ya ce a ba shi mako guda. Bokan ya yi murmushi, ya ce kowa mako guda yake nema.

Dabararsa mai sauƙi ce a ganinsa: zai ɗauka lokacin da Aku take makaranta, kuma ko me ya shiga ba zai yanke ba. Ran ɗaukar aka tashi yara da wuri saboda taron malamai. Hira ta yi nisa, baƙon da yake hira da shi yana tsakiyar magana, sai ƙofa mai kaurin nan ta buɗe, ga Aku da jakar makaranta a baya, tana haki.

"Baba, Umma ta kalle ni! Yau ta gane ni!"

Ya ɗauke ta ya rungume har sai da ta ce ya matse ta. Ya kamata ya jefar da shirin gaba ɗaya, ko ya zauna da shi a gida. Sai dai hirar ta yi kyau irin wanda bai taɓa yi ba, lokaci kuma ya ƙure. Ya aika wa masu shirya bikin ba da lambar yadda take, da muryar 'yarsa a ciki, yana gaya wa kansa ai bai taɓa komai ba.

Ranar bikin da la'asar zaure ya cika. Yana zaune a layin gaba sai wani dattijo ya sunkuyo kusa da shi, ya ce shi ne mai tace sautin masu bikin, shekara talatin yana wannan aiki. Da fara'arsa ya ce, "Na ga aiki ya sha maka kai, ka bar muryar yarinya a minti na goma sha bakwai. Kada ka damu, ɗazun nan na share maka kafin a kunna, ko alama babu."

Alheri mutumin ya yi, kuma duk mai wannan sana'a haka zai yi wa ɗan'uwansa. Dattijon yana rufe baki wayar Sarkin Magana ta fara motsi a aljihu. Ƙanwarsa ce. Kuka kawai take yi tana kiran "Yaya, Yaya", ya kuwa gane sauran. A daidai lokacin aka kira sunansa, zaure ya ɗauki tafi, hannuwa suka tura shi har kan dandamali, aka danƙa masa lambar, aka matso masa da makirifo.

Ya buɗe baki, sai tarin tsohuwa ya fito ta lasifika, busasshe, mai tsawo. Ya sake buɗewa, sai waƙar mace mai wanke-wanke. Mutane suka fara kallon juna. A karo na uku muryar ƙaramar yarinya ce ta cika zauren, cike da murna, tana cewa Umma ta gane ta. Lambar ta suɓuce daga hannunsa. Mutum huɗu ne suka fitar da shi.

Aka binne Aku ba tare da uban ya san inda yake ba. Gidan bene ya tafi wajen neman magani, matar tana hannun iyayenta, har yau tana leƙa tukwane. Waɗanda suka je sito sun tarar da shi wayam, babu ko gora ɗaya. Masu sauraro kuwa kafin wata biyu sun samu wani gwanin.

Don haka kai mai jin cewa baiwarka ta yi jinkiri, ka shiga hankalinka. Wanda ya ce zai ba ka a yini ɗaya abin da ake samu a shekara goma, ba don Allah yake yi ba, kuma abin da zai nema shi ne wanda ka raina, don ya san ba za ka tsaya tambaya ba. Mutumin nan an buɗe masa ƙofar fita, ya ce a jira shi mako guda.

Yana nan a ƙarshen layin masu gyaran waya, zaune kan kwali, da abin sauraro a kunne wanda wayarsa ke lilo ba a jone da komai ba. Tsofaffin abokansa ke ba shi abinci, kuma babu mai kiransa da tsohon sunan nan. Ba ya magana da kowa. Sai dai wani lokaci yakan ɗaga yatsa kamar mai neman a yi shiru, ya karkata kai ya saurara, hawaye suna zuba, sannan ya ce da tsohon harshensa mai sarƙewa, "Ka-ka-kada a yanke nan."